Tulin Itacen Alhajin Maigatari

Duk wanda ya zauna a Gumel a shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa, in ya ce bai san Ubale mai kanwa ba, to ko dai kurma ne ko kuwa hassada ce ke cinsa. Mutum ne da Allah ya yi wa zuciyar tausayi, ya kuma haɗa masa da babbar murya don kada tausayin ya tafi a banza ba a ji ba. In ya ba makaho goro a bakin kasuwa, kafin makahon ya kai baki an ji labari a Gagarawa. Ba laifinsa ba ne, bawan Allah. Wasu alherinsu a sace yake tafiya kamar mara gaskiya, nasa kuwa da maroƙi yake yawo, wani Ɗantala mai maƙogwaron ƙarfe.

Ga shi da tsoron Allah. Shekarar da Nasara suka shigo ƙasar, Ubale ya ɗaura niyyar Makka da ƙafa. Aka yi bankwana, aka yi koke-koke, aka raka shi har bayan gari. Ya isa Maigatari ran kasuwa, ya tarar kanwa ta faɗi warwas, ya ga bai dace musulmi ya tsallake arziki a yashe ba. Kwana huɗu sai ga shi ya dawo da raƙuma uku niƙi-niƙi da kaya. Tun daga ranar ake kiransa Alhajin Maigatari. Shi kuwa rabin farko kaɗai kunnensa ke ɗauka, sai ka ji ya amsa da wani "Na'am" mai nauyi daga can cikin ciki.

Yunwar nan ta kwaso mutane daga ƙauyukan Sule Tankarkar da Ɗanzomo da Gagarawa ta zube su a Gumel. Da damina ta yi kyau wasu suka koma gida. Waɗanda ba su da inda za su koma suka kakkafa bukkoki a gefen gari kusa da kududdufi, aka riƙa ce wa wurin Unguwar Bukkoki. Mazansu sun bi ayari zuwa Kano dako, matan kuwa da sussuka da surfe suke ci a gidajen masu hali. Gidan Ubale ma suna zuwa, don rumbunansa bakwai ne, kuma ba ka gaishe shi ka tashi ba ka ji cewa bakwai ne ba.

Ubale ya dubi unguwar nan, tausayi ya taso masa har wuya. Ya fara da yara. Akwai wani Malam Sajo, siririn mutum mai haƙurin tsiya, da ke koyar da 'ya'yan unguwar a gindin tsamiya. Yara kusan talatin, alluna huɗu, sai a wanke wa wannan a rubuta wa wancan. Ubale ya sa masassaƙi ya sassaƙo alluna talatin. Da aka kawo su ya jujjuya, ya ga fari fat, ba ƙyalli, ba abin da zai nuna daga gidan wa suka fito. Ya ce a kawo man gyaɗa. Kwana uku ana shafa musu ana shanyawa, har suka yi jawur suna ɗaukar ido.

Ran miƙawa ya tara jama'a a gindin tsamiya, ya gyara rawani, ya ce, "Jama'a, ku buɗe ido ku ga allo! Ni Ubale, da na durƙusa a gaban malamai goma sha biyu, na san allo in na gan shi. Ɗan talaka ma ɗa ne. Don me zai riƙe busasshen katako kamar murfin tukunya? Daga yau duk yaron da ya zama alƙali a unguwar nan, ya tuna hannun da ya shafa masa mai. Malam, bisimilla, rubuta mu gani."

Malam Sajo ya tsoma alƙalami ya ja layi. Tawada ta dunƙule, ta yi ƙwallo, ta gangaro ta ɗiga a kan babban yatsan ƙafarsa. Ya sake ja, ta sake gangarowa. Ko yaron da ya shiga makaranta jiya ya san mai da tawada ba sa zama wuri ɗaya, amma da alama malaman nan goma sha biyu duk sun manta su gaya wa Ubale. Bai ko girgiza ba. Ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce, "Tawadar talakawa ce, ba ta saba da allon kirki ba. A ba ta lokaci." Malam Sajo ya yi godiya, ya kwashe allunan ya jingine a bukkarsa, tururuwa suka samu na kaka. Yara suka koma kan huɗunsu.

Ana nan sai Iya Yelwa ta zo masa da magana. Ita ce ungozomar wannan ɓangaren gari, gajeruwar tsohuwa mai baki. Ita ta yanke wa Ubale cibiya, kuma ba ta taɓa barinsa ya manta ba. Wata yarinya Lauratu, 'yar Ɗanzomo, ta haihu jiya a Unguwar Bukkoki, haihuwar fari. Iyayen da za ta je wa wanka yunwa ta tafi da su. Mijin da zai tara mata itace yana Kano, ba labari. Kowa ya san mai jego sai ta yi kwana arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, in ba haka ba sanyi ya shige ta, ƙafafu su kumbura, nono ya ɗauke, a rasa uwa a rasa ɗa. Tukunya an samu aro, ganyen tsamiya kyauta ne. Itace ne babu, kara kuwa ba ya tafasa tukunyar wanka, sai ya yi fuu ya mutu. Kayan jaki ɗaya Iya ta roƙa.

Ubale ya miƙe zumbur kamar an zage shi. "Kayan jaki ɗaya? Iya, ni za ki duba ki roƙi kayan jaki ɗaya? Haba, ki raga mini mana! Ba Lauratu kaɗai ba, duk macen da ta durƙusa haihuwa a Unguwar Bukkoki, itacenta a wuyana. Ɗantala, je ka gaya wa gari."

Kuma wallahi ya cika, wannan kam ba a ƙwace masa. Kwana uku jakuna na shiga daji suna dawowa, ƙirya da marke zalla, irin wanda in ya kama yake wuni yana ci. Ya sa aka jera shi jingine da katangar gidansa, daidai inda damina ta rushe aka toshe da zana, don baƙi su daina ganin ɓarakar. Aka yi ta jerawa har tulin ya wuce kan zaure. Fatake suka riƙa tsayar da raƙuma suna ɗaga kai. Ɗantala ya samo sabon kirari: "Uban masu jego! Mai dafa ruwan da bai haifa ba!" Ubale ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gaban tulin, ya zauna da mafici a hannu yana karɓar gaisuwa.

Iya Yelwa ta zo da igiyarta za ta ɗaure na Lauratu. Nan fa Ubale ya ɗaga kai ya dubi tulin nan, ya ga wani abu da bai taɓa lura da shi ba: ashe in aka zare itace ɗaya, tuli raguwa yake. Sadakar da ke tsaye kowa na ganinta. Wadda aka raba kuwa sai ta zama toka a bayan bukkar wata, wa zai tsayar da raƙumi ya kalli toka? Ga shi hakimin da ke riƙe da wannan ɓangaren ya tafi rangadi bai gani ba.

"Iya," in ji shi, "abu irin wannan ba a buɗe shi a gaban kaji da awaki. Sai hakimi ya dawo ya sa albarka. Ki zo gobe da safe mu ji ko ya iso."

Ta zo gobe da safe. Ta zo jibi da safe. Kafin ran suna matan Unguwar Bukkoki sun ajiye Alhajin Maigatari sun raɗa masa Gobe-da-safe. A can bukka kuwa abin ba na dariya ba ne. Maƙwabta na kawo tsinke-tsinke da busasshen kashin shanu, ruwa ya yi ɗumi-ɗumi, a yi wa Lauratu wanka da shi haka nan. Ƙafafunta suka fara hawa, jaririn ya kama kuka ba ya ƙoshi. Malam Sajo ne ya fara ceto. Ya tuna allunan nan talatin ko harafi ɗaya bai taɓa zama a kansu ba, don haka ba abin da ya hana a sa su a wuta. Kai, ba a taɓa ganin makamashi irin wannan ba! Da an kusanto da garwashi sai su kama bal-bal. Kwana huɗu Lauratu na wanka da ilimin Ubale, sannan ya ƙare.

Ran da ya ƙare, Iya Yelwa ba ta tsaya a wurin buzu ba. Ta wuce shi ta shige cikin gida wurin matarsa Rahamatu, mace mai shiru-shiru wadda ta yi jego biyar, ta san zafin ruwa ta san ciwon rashinsa. Iya ta gaya mata halin da ake ciki, ranta a ɓace. Rahamatu ta kama hannun tsohuwar ta kai ta bayan rumbuna, ta ɗaga zanar nan da aka toshe ɓarakar katanga da ita. Ga bayan tulin itace nan yana kallonsu, ba mai gadi, ba maroƙi.

Daga ranar aiki ya kankama. Matan da ke zuwa sussuka su gama aikinsu da rana tsaka, kowace ta ɗora 'yan itatuwa a kwando ta rufe da dusa, ta fita ta ƙofar baya. Inda aka zare itace sai a tokare da karan dawa, a ɗura ƙaiƙayin gero a danne, don ƙaiƙayi kam a gida mai rumbu bakwai ba a rasa shi. Ta gaba tuli na nan yadda yake, ko tsinke bai motsa ba. Ubale kuwa babban mutum ne, kuma babban mutum ba ya shiga cikin mata da rana ya tsaya duba kwanduna. Yana can gaba a kan buzu, ya hana ko akuya ta shinshina.

Wata yamma ya hangi hayaƙi na tashi daga Unguwar Bukkoki, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ya girgiza kai ya ce wa masu zama da shi, "Kun gani ko? Ashe suna da itacensu suke wa mutane kukan babu. Shi ya sa ba na gaggawa. Taimakon talaka ilimi ne, ba kowa ya iya ba." Suka ce gaskiya ne, ranka ya daɗe. Iya Yelwa ma ta daina zuwa da safe, ya ɗauka ta koyi ladabi ne.

Hakimi ya daɗe a rangadi, sai da wata ya wuce ya dawo. Aka sa rana. Ubale ya sa aka ɗaure tsani, don ya ƙudura daga kan tulin zai yi jawabi, yadda har na bayan kududdufi za su gan shi. Ya zuba riga uku, ɗaya kan ɗaya, ya naɗa rawanin da sai da mutum biyu suka taya shi. Zai fita ke nan Rahamatu ta ce a hankali, "Malam, da dai a ƙasa ka tsaya." Ya dube ta da tausayi, ya ce sha'anin taro ba na mata ba ne.

Jama'a ta cika ƙofar gida maƙil. Hakimi, wani dattijo mai farin gemu da ƙananan idanu, ya zauna a inuwa. Matan Unguwar Bukkoki suka raɓe can gefe. Ɗantala ya tsage maƙogwaro, Ubale ya hau tsani yana nishi, ya taka saman tulin, ya buɗe hannuwa.

"Allah ya ja zamanin hakimi! Jama'ar Gumel, ku dubi abin da ke ƙarƙashin ƙafata. Wasu suna ba da sadaka a tafin hannu, ni tawa sai da tsani! Kwana arba'in ina zaune rana da iska ina gadin hakkin masu jego, ban yarda ko tsinke ya salwanta ba. Wane ne a garin nan, wane ne a Maigatari, wane ne har Damagaram ya taɓa tara wa matan da bai sani ba ƙirya da marke tsantsa, ciki da waje, tun daga nan har ƙasa?"

Da ya ce "har ƙasa" sai ya buga ƙafa don maganar ta zauna. Ta kuwa zauna. Aka ji ƙarar kara ruƙuƙus, aka ga hannuwa biyu sun yi sama, sai babu Ubale. Wani farin gari ya tashi ya turnuƙe wurin, na gaba-gaba suka kama atishawa. Ɗantala, da bai ga abin da ya faru ba don idonsa a rufe yake in yana kirari, ya ci gaba da "Uban masu jego!" shi kaɗai, sai da aka zungure shi. Daga can cikin tulin wata 'yar siririyar murya ta ce, "Ku cire ni."

Da ƙyar aka rushe gaban tulin aka jawo shi. Duk wanda ƙaiƙayin gero ya taɓa shiga wa riga ya san abin da nake nufi, to wannan riga uku ce, ga gumi. Ubale ya tsaya gaban hakimi fari fat har gira, yana so ya yi tsayuwar manya, hannunsa kuwa ya ƙi. Ya sosa wuya, ya sosa haƙarƙari, ya goga baya da katanga. Yara suka faɗi ƙasa don dariya, manya suka cusa hannun riga a baki.

Hakimi ya dubi 'yan itatuwan da suka rage, ya dubi tarin kara da ƙaiƙayi, ya ce, "To, ina itacen?"

Matan nan suka kalli juna a tsorace, don in aka kira abin da sunansa, sata ce, kuma a gidan da suke samun abinci. Iya Yelwa ta fito ta durƙusa. "Allah ya ba ka nasara, itace ya isa inda aka nufa da shi tun wata guda. Ta ƙofar baya ya fita, kullum da rana. Mata tara suka yi wanka da shi. Ke Lauratu, taso a gan ki." Lauratu ta taso tana sunne kai, jiya-jiya ta yi arba'in, ƙafafunta sumul, ga yaro a baya ya yi ɓul-ɓul yana barci.

Hakimi ya daɗe yana kallon Ubale. Ko ya gane ko bai gane ba, Allah ne masani, amma waɗanda ke kusa sun ce gemunsa na rawa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ubale, ashe haka kake? Kana zaune a gaba kana korar mutane don kada a gane, ta baya kuwa kana bayarwa? Har ka yarda mata su yi maka suna, duk don ka ɓoye? Rabona da in ga sadakar ɓoye irin wannan tun ina yaro."

Ubale ya buɗe baki zai ce ɓarayi, sai ya tsaya. In ya ce sata aka yi, to ya yarda a gaban gari cewa kwana arba'in ya hana masu jego wuta, kuma matarsa ta kwashe tuli guda a bayan ƙeyarsa yana fifita. Ya sosa hammata, ya ce, "Ranka ya daɗe... halina ke nan tun ina ƙarami. Ba na son a sani."

"Mun ji," in ji hakimi, "kuma ba za mu ɓata maka lada ba. Jama'a, abin da kuka gani yau ku bar shi a nan. Duk wanda ya sake haɗa sunan Ubale da wannan alheri zai gamu da ni. Ɗantala, nemi wani ubangidan, wannan ba ya son yabo. Kai kuma Ubale, duk kaka kamar wannan za ka kawo, ta baya, a hannun Iya, yadda ka saba."

"A haɗa da alluna, ranka ya daɗe," in ji Iya Yelwa. "Busassu."

Haka kuwa aka yi, shekara da shekaru. Itace na shiga ta baya yana fita ta baya, hayaƙi na tashi a Unguwar Bukkoki, yaran Malam Sajo kowa da allonsa fari tas da rubutu a kai. Duk kaka, ran Juma'a bayan an sallame, liman kan ce a yi addu'a ga wani bawan Allah da ke ɗauke da itacen masu jego, wanda ba ya son a san shi. Da ya faɗi haka sai ka ga attajiran sahun gaba duk sun sunkuyar da kai a hankali, kowa na ɗan murmushin kunya, har da waɗanda ba su taɓa ba kowa ko tsinken sakace ba. Ubale kaɗai ke ɗaga kai yana waige-waige, ido jawur, yana neman wanda zai dube shi.

Baƙin da suka zo daga baya, da ba su ga ranar tsani ba, sukan yi gardama a kan ko wane ne wannan bawan Allah. Wasu su ce wane, wasu su ce wane. Abu ɗaya suka haɗu a kai: ko wane ne, ba dai mai waige-waigen nan ba.